Tafin Ƙafar Musbahu

Masu bina a wannan shafi, ku gyara zama, yau ba abin daɗi na kawo muku ba. Kun dame ni da tambaya, wai me ya sa duk sa'ar da na ambaci Musbahu sai na haɗa da tsaki. To ku ji. In kun gama ji ku yi masa tsakin, ko ku yi mini, duk ɗaya ne a wurina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Asta, 'yar Usmanu, Bafulatanar da ta tashi a ruga bayan Gangara. Na yi lakol, wato makarantar boko, a Gazawa, ina zaune gidan wata ƙawar Inno, mahaifiyata. A can Musbahu ya gan ni. Ɗan Alhaji Rabo ne mai sayar da hatsi a kasuwa, dogo, mai son shadda ruwan toka da takalmi sau-ciki. Har safa yake sawa. Da rani, a Gazawa! Ranar da ya fara tare ni a bakin famfo abin da idona ya fara sauka a kai ke nan, na yi dariya har na kusa sakin bokiti. Shi kuwa ya ɗauka dariyar so ce. Daga baya ta zama ta son, ba zan yi muku ƙarya ba. Na so yaron nan son da ban san ina da irinsa a cikina ba.

Shekarar ita ce ta farin dubu biyu da goma. Daminar da ta gabace ta ta ɗauke tun gero bai yi ciki ba, ciyawa ta ƙare tun sanyi bai wuce ba. Baffa, haka muke kiran mahaifinmu, ya dawo da ni ruga don in taya jan ruwa, ni da yayana Hamma Hamidu. Shanunmu suka dinga tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ƙoran Inno da take ji da su, waɗanda aka yi wa zane har gindi, suna jere a kan gado babu ko ɗigon nono a ciki. Kullum sai ta goge su, ta mayar da faya-fayansu, kamar wani zai zo dubawa.

A cikin wannan hali Alhaji Rabo ya turo manya da goro. Baffa bai ce mini komai ba, don a gidanmu uba ba ya buɗe baki da 'yarsa a kan maganar aure. Inno ce ta same ni ina kankare tukunya.

"Babanki ya ce bai hana ba," in ji ta, tana kallon wani wuri. "Amma ya ce gidanmu ba a ba da ɗiya sai an kama karsana. Shi ma haka ya yi kahin ya same ni."

Bari in yi muku bayani, don ba kowane Bafulatani ke yin wannan ba, abin zuri'armu ne tun kakanni. A ware karsana guda daga garke, a kai ta fili, a buga mata busasshiyar fata a razana ta. Mai neman aure ya bi ta da gudu da igiya a hannu, ƙafa ba takalmi, don ba a taka gaban garkenmu da takalmi. In ya kamo ta ya dawo da ita, an ba shi yarinya, karsanar kuma ta zama ta amarya.

"In bai kama ba hwa, Inno?"

"Ki ɗaure kayanki. Da zahi ya kankama za mu yi kudu da abin da ya rage, mu ƙetare iyaka. Babanki ya ce wagga tahiya bai san ranar dawowarta ba."

Hamma Hamidu yana gefe yana tufkar igiya, ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Wane? Mai sahwar nan? Aradu ƙarangiya guda ta ishe shi. Asta, ki hwara haɗa kaya tun yau."

Na ci gaba da kankare tukunyata, na san ba ƙarya ya yi ba.

Ina da wata 'yar salula mai tocila da Musbahu ya saya mini. A cikin ƙwaryar Inno nake ɓoye ta, ita ma ta sani, ta yi kamar ba ta sani ba. Rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya zuwa rugarmu sai na hau wani tsohon suri da ke bayan shinge, in ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Na hau, na rubuta masa komai. Amsa ta zo nan take:

"Karsana kawai? Gimbiya, ki kwantar da hankali. Ni ne fa na ɗaya a gudu a lakol ɗinmu."

Na rubuta: "Da takalmi ka yi na ɗayan. Kada ka fara komai sai mun haɗu."

Kun san maza. Washegari da rana tsaka, sa'ar da ko jaki ba ya son taka ƙasa, bawan Allah ya tuɓe takalmi ya hau jan titin tsakuwa ya nufi Gangara da gudu. A amalanke aka dawo da shi. Tafin ƙafarsa duka biyu ya tashi ya yi ruwa, ya fashe, fatar ta saɓule. Mahaifiyarsa, Hajiya Shatu, ta tara maƙwabta tana cewa Fulani sun yi wa ɗanta asiri.

Sai da ya warke ya iya zuwa kasuwar Gangara. Muka haɗu a zauren wata goggona mai sayar da kuka. Ya shigo yana taka ƙasa a hankali cikin silifa, ya sha wata shadda mai ruwan sararin sama, sai ƙamshi yake. Ni kuwa zanen jan ruwa ne a jikina, duk laka.

"Ɗago in gani," na ce.

Ya ɗago. Wallahi tafin jariri ya fi nasa ƙwari. Sabuwar fata ja-ja, ko layi babu.

"Musbahu, mi na ce maka?"

"Na so in ba ki mamaki ne."

"Ka kau ba ni. Yanzu za ka ji magana, ko in tahi in haɗa kayana?"

Ya sunkuyar da kai ya ce zai ji. Daga ranar na zama malamarsa. Ni da ban taɓa tunanin akwai abin koyarwa a taka ƙasa ba, sai ga ni a kan suri safe da yamma, ina tuno yadda ƙafata ke yi in ina bin maraƙi, ina mayar da shi rubutu.

"Kada ka yi gudu tukuna. Ka yi ta yawo a tsakar gidanku ba takalmi, da safe, kafin ƙasa ta ɗau zafi."

"Yawo kawai? Ƙannena na yi mini dariya."

"Su yi. In tsakar gida ta daina yi maka susa, ka tafi masallacin asuba a haka, ka dawo a haka."

Da ƙafar ta fara sabawa na tura shi cikin busasshen gulbi, inda rairayi ke da laushi da sanyin safiya. Na ce ya yi ɗan gudu kaɗan, ya tsaya tun bai gaji ba, washegari ya huta. Nan muka fi yin faɗa. Shi gani yake hutu asara ne. Na ce masa fata tana saurin yin kauri, amma jijiya da ƙashin da ke ciki ba su san da saurinsa ba, a ranar hutun suke yin ƙwari.

"Sharaɓata kamar an daka da taɓarya," ya rubuto wata rana. "Agarata ma tana ja."

"Da tsinin yatsu kake gudu ke nan. Ba ɓarawo ba ne kai. Ka sauka da gaban tafin, ka bar dunduniya ta sumbaci ƙasa ta tashi. Amma kada ka soka ta."

"Ta yaya zan san na yi daidai?"

"Ka saurara. In kana jin fat-fat ɗin ƙafarka, dukan ƙasa kake yi. Rage tsawon taku, ka yawaita shi. In ka daina jin kanka, ka iya."

Na koya masa ya riƙa duban gabansa da ɗan nisa, ba ƙarƙashin hancinsa ba. Na koya masa gane inda tsidau ke shimfiɗe, da cewa ba a ratsa gindin aduwa ko ana bin ka da wuƙa. Na aika masa da matsefatar Hamma Hamidu ta cire ƙaya, wadda har yau Hamma yake nema. Da shekarar arziki ce, man shanu zan aika masa ya riƙa shafawa bayan ya wanke ƙafa don kada ta yi faso. Babu. Na ce ya sayi man kaɗe, raina yana ɓaci, 'yar Fulani tana tura saurayinta kasuwa neman mai.

Sau ɗaya ya karya mini doka. Ya ji daɗin jikinsa ya ninka gudun, bayan ƙafarsa ta dama ya kumbura, in ya danna ƙashin sai ya yi ƙara. Na ce ko ƙofar gida kada ya taka da sauri har sai ya danna bai ji komai ba. Ya yi fushi, ya daina rubuto mini. Ni ma na yi. Amma kullum ina kan surin nan, hannu sama, kamar wawuya. Da kumburin ya sace ya rubuto: "Malama, a yi haƙuri." Na yi kuka a wurin, na goge, na ce ya koma tun daga yawon tsakar gida.

Gazawa kuwa ta samu abin magana. Wasu suka ce ɗan Alhaji Rabo ya taɓu, wasu suka ce Alhajin ne ya karye har takalmi ya gagari ɗansa. Hajiya Shatu ta rantse ba za ta taka rugarmu ba. Bai kula ba. Ranar wata kasuwa na hango shi daga nesa ya taho a gefen hanya da gudu, wando naɗe zuwa gwiwa, ba ka jin motsinsa ko kaɗan. Har Hamma Hamidu sai da ya tsaya da sandarsa a kafaɗa ya bi shi da kallo.

"Hm," ya ce. "Wa ya koya mashi wanga?"

Na ce ban sani ba.

Karsanar da Baffa ya ware sunanta Wule, saboda farin da ke goshinta. Ita ce mafi ƙarfi a cikin abin da ya rage mana. Na sha ganin Baffa yana kai mata 'yar dussa a cikin hularsa, a ɓoye, sa'ar da mu kanmu kunun da muke sha kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Ba don Musbahu yake yi ba. So yake baƙi su ga har yanzu garken Usmanu yana da mai gudu.

Ranar ta zo. Inno ta fito mini da baƙin saƙinta na aure, da 'yar riga mai jan zare a wuya, ta yi mini kitso ta jera mini azurfa a goshi. 'Yan kunnen da ta sa mini har kafaɗa suke taɓawa. Dangi suka zo daga rugagen da ba su riga sun tashi ba, duk sun rame, amma kowa ya naɗa rawaninsa. Mutanen Gazawa suka iso a kan babura da wata tsohuwar mota, suka tsaya gefe da takalmansu. Musbahu ya fito daga cikinsu da gajeren wando da 'yar shara, ya durƙusa ya gaida Baffa, aka miƙa masa igiya. Ya dube ni ta wutsiyar ido. Ni ƙafarsa na duba. Ta yi baƙi, ta buɗe, yatsun sun kama ƙasa. Na ji wani alfahari ya cika ni har wuya.

Aka jawo Wule tsakiyar fili. Hamma Hamidu ya ɗaga sanda ya zabga wa busasshiyar fata, samari suka yi ihu.

Wule ta zabura. Ta yi taku kaɗan da sauri, ƙafafunta na gaba suka harɗe, ta durƙusa a kan gwiwa. Ta yi yunƙurin tashi, bayanta ya rinjaye ta, ta kwanta a gefe ɗaya tana huci.

Na ga Baffa ya runtse ido.

Ku da kuka tashi a gari ba lallai ku san abin da ake yi a nan ba, kuma shi ma Musbahu bai sani ba. Saniyar da yunwa ta kayar ba a barinta a ƙasa, in ta jima a kwance ba ta ƙara tashi. Duk wanda ke kusa, ko baƙo ne, ko abokin gabarka ne, yar da abin da ke hannunsa yake yi ya rugo. Wani ya kama wutsiya, wasu su zura itace ƙarƙashin ƙirjinta, a ɗaga ta a riƙe har ƙafafunta su tuna aikinsu. Mutum iri ɗaya ne ke zuwa wa kwantacciyar saniya da igiya: dillalan da suka yi ta zagaye rugage a shekarar nan, suna jiran dabba ta faɗi su ɗaure wuyanta su ja ta zuwa mota, mai ita yana tsaye yana kallo.

Musbahu ya ruga. Kai, ya yi gudu mai kyau! Taku gajere, jiki a miƙe, ko ƙura bai tayar ba. Duk abin da na koya masa ya yi shi a gaban mutane. Ya isa kan Wule, ya zarga mata igiya a wuya, ya ja ya ƙulle. Sannan ya juyo ya ɗaga ɗayan hannun sama, yana dariya har kunne.

Mutanen Gazawa suka ɗau tafi. Wani ya danna hon ɗin babur.

A ɓangarenmu ba wanda ya motsa. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "La'ilaha," a hankali. Inno ta damƙe hannuna har azurfarta ta shige mini nama. Musbahu kuwa, jin tafi, sai ya fara jan igiyar, wai zai kawo ta gaban Baffa kamar yadda aka ce. Wuyan Wule ya miƙe a kan rairayi, idonta ya juye.

"Saki!" Ban san sa'ar da ihun ya fita daga bakina ba. "Musbahu, saki!"

Na fizge daga hannun Inno na ruga, da saƙin aure da komai. Na kama wutsiyar, Hamma Hamidu da wani ɗan kawunmu suka zura itace. Muka ɗaga. Ta tsaya tana karkarwa, ƙashin ƙugunta yana sukar cikina. Muka ɗan sassauta, ta sake zubewa. Muka kuma ɗagawa. Duk wannan abin Musbahu yana tsaye kusa da mu, igiya a hannu, yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

"Asta," ya ce, "ban kama ba?"

Haushi ya cika ni, nasa da nawa. Na ɓata lokacina kaf a kan tafin ƙafarsa, ban taɓa ce masa ga yadda muke da shanu ba. Amma kuma, jama'a, sai an koya wa mutum? Abu ya faɗi a gabanka yana huci, sai an turo maka saƙo kafin ka san ɗagawa ake yi?

Baffa ya taho a hankali. Ya sunkuya da kansa ya kwance igiyar daga wuyan Wule, ya naɗe ta tsaf, ya miƙa wa Musbahu da hannu biyu, kamar yadda ake sallamar baƙo.

Wani dattijo daga mutanen Alhaji Rabo ya matso. "Malam Usmanu, ai yaro ya cika sharaɗi. An ce shi kama, ya kama. In don karsanar ce, Alhaji shina iya aiko da buhun dussa gobe."

Baffa bai ko dube shi ba. Musbahu yake kallo.

"Yaro, ƙahwarka ta yi," ya ce. "Na gani, ba ni musu. Amma ɗiyata ma wata rana tana iya hwaɗuwa. Ba ni ba da ita ga wanda zai zo mata da igiya."

Ya juya wajen Hamma Hamidu. "Gobe da sahe mu tashi."

Haka taron ya watse. Ba a ci komai ba, dama babu abin ci. Na ji ƙarar baburansu tana nisa, ban ɗaga kai ba, ina riƙe da wutsiyar Wule har hannuna ya mutu. Kafin la'asar ta daina yunƙuri. Baffa ya ce a yanka ta tun tana da sauran rai, kada ta tafi a banza. Ya ba Hamma wuƙar, shi ya shige bukka.

Inno ta cire mini azurfa ɗaya bayan ɗaya, ta ninke saƙin ta cusa a buhu. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta lallashe ni ba. Cewa kawai ta yi in sauko da ƙorai in shiga jera su cikin raga.

Da safe, ana ɗaura wa jakuna kaya, na zame na hau surin nan. Na ce wa kaina sallama zan yi da wurin, ƙarya nake yi. Na ɗaga hannu, salula ta yi ƙara. Saƙo guda ne, tun asuba ya turo shi:

"Na taho, ina hanya, da ƙafa. Ban zo da igiya ba. Don Allah ki gaya mini ta ina ake kamawa a ɗaga ta."

Daga kan surin ina hango fatar Wule shanye a kan shinge, da farin goshin da komai, ƙudaje sun rufe ta. Ina hango Baffa ya riga ya kora shanu ya ba ruga baya. Can ta wajen hanyar Gazawa kuma, nesa, akwai wani ɗan ɗigo da ke tahowa, ba ya tayar da ƙura.

"Asta!" Inno ta ƙwala mini kira, igiyar jaki a hannunta. "Ke muke jira."